Jim da Mutanen Kirkin Bakin Kogin Misisipi

Tun shekarar da ya fito a Amurka, 1885, littafin Mark Twain mai suna Adventures of Huckleberry Finn bai taɓa zama lafiya ba. Ko wata biyu bai yi a kasuwa ba, hukumar ɗakin karatu na garin Concord da ke jihar Massachusetts ta fitar da shi daga kantocinta, ta ce harshensa na 'yan tasha ne, ba abin da za a miƙa wa 'ya'yan mutunci ba. Maganar launin fata ba ta cikin ƙorafinsu. Ita wannan sai daga baya ta taso. A 1957 hukumar ilimi ta birnin New York ta cire shi daga jerin littattafan da aka amince a koyar da ƙananan ɗalibai. A 1982 kuma wani jami'in makaranta baƙar fata, John Wallace, wanda ke aiki a wata makarantar jihar Virginia da aka raɗa wa sunan Mark Twain ɗin kansa, ya fito fili ya kira littafin sharar wariyar launin fata. Da aka shiga 2011, wani farfesa mai suna Alan Gribben ya fitar da sabon bugu a jihar Alabama, ya bi kalmar zagin baƙar fata da ta fito sau 219 a littafin ya goge ta, ya sa "bawa" a gurbinta, don makarantu su daina gudun littafin.

Masoyansa ma ba su bar shi ya cika ba. Marubucin Amurka Ernest Hemingway, wanda a 1935 ya ce duk adabin Amurka na zamani daga wannan littafi ya tsiro, shi ne kuma ya shawarci mai karatu ya tsaya daidai inda aka sace Jim, bawan da ke cikin labarin, domin abin da ya biyo baya maguɗi ne.

Ni dai ban bi ko ɗaya daga cikinsu ba. A ganina littafin nan dukansa ya kamata a karanta, da dattin bakinsa da ƙarshensa mai ɓata rai. Dalilina yana cikin mutanen labarin da yadda kowannensu ya zauna da Jim. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa mafi yawan cutar da aka yi wa bawan Allahn nan daga hannun mutanen kirki ta fito, masu addu'a, masu karɓar baƙo, masu tausayin maraya. Kalmar da ake son gogewa a bakinsu take, babin da ake son tsallakewa kuma nan ne asirin mafi tarbiyyar cikinsu ya tonu.

Ga wanda bai san labarin ba, abin ya faru ne wajajen shekarun 1830 da 1840, lokacin da dokar jihohin kudancin Amurka ta halatta bauta. Huck yaro ne ɗan shekara 13 ko 14, ba shi da uwa, ubansa Pap kuma mashayi ne. Ya tsinci dukiya ta dala 6,000, wata mai hali da mijinta ya rasu, matar Douglas, ta ɗauke shi riƙo, ita da 'yar'uwarta Mis Watson suna koya masa karatu da addu'a da ladabin zama. Jim bawan Mis Watson ne. Wani dare ya ji ana zancen za a sayar da shi ga dillalin bayi kan dala 800 a gangara da shi New Orleans, inda ba zai sake ganin matarsa da 'ya'yansa biyu ba, sai ya gudu. Huck shi ma ya gudo daga bukkar da ubansa ya kulle shi a daji. Suka haɗu a wani tsibiri, suka hau wasu ɗaurarrun katakai suka bi ruwa. Nufinsu garin Cairo na jihar Illinois, inda Kogin Ohio ke faɗawa Misisipi, domin daga nan ake kama hanyar jihohin da babu bauta. Hazo ya sa suka wuce wurin ba su sani ba, ruwa ya ci gaba da jansu kudu, kowane mil yana ƙara nutsa Jim cikin ƙasar bayi.

Yawanci ana cewa Huck da Jim abokai ne. Ni ɗa da uba na gani. A dubi uban da ya haifi Huck. Pap bai dawo gari ba sai da ya ji ɗansa ya yi kuɗi. Ta taga ya shigo, ya hana yaron zuwa makaranta don kada ya fi ubansa, ya ƙwace dala ɗayan da ke aljihunsa ya tafi ya sha giya da ita. Cikin maye yana zagin gwamnati saboda ya ga wani baƙar fata ɗan jihar Ohio, farfesa, da farar riga da agogon zinare, aka ce masa a jiharsu har ƙuri'a yake jefawa. Pap ya rantse shi da zaɓe har abada. A daren nan ya zare wuƙa ya bi ɗansa yana kiransa mala'ikan mutuwa. Mutum ne da ba shi da komai a duniya sai farar fata, ya kuma riƙe ta gam.

Jim kuwa, idan lokacin gadin Huck ya zo da dare, sau da yawa ba ya tashinsa, sai ya haɗa da nasa ya bar yaro ya yi barci. Da ambaliya ta kawo wani gida yana yawo a ruwa suka shiga, suka tarar da gawar wani mutum da aka harba ta baya, Jim ne ya leƙa fuskar, ya hana Huck kallo, ya jefa tsummoki ya rufe ta. Sai a shafin ƙarshe na littafin ya gaya masa gawar nan ta Pap ce. Wasu masu nazari sun ce Jim ya ɓoye maganar ne don kansa, domin da Huck ya san ubansa ya mutu, ba shi da sauran dalilin gudu, Jim kuma yana bukatar farin yaro a gefensa tunda an sa ladar dala 300 a kansa. Mai yiwuwa hakan ne, kuma bai rage shi da komai a idona ba. Magidanci ne mai hankali da ke lissafin yadda zai tsira, kuma yana tausayin yaron da ke hannunsa. Biyun suna zama a zuciya ɗaya.

Akwai wuri biyu da nake so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Na farko a babi na 15 ne, daren hazon nan. Ruwa ya raba su, Huck a kwalekwale, Jim a kan katakai, kowa yana kiran ɗan'uwansa ba ya ganinsa. Da Huck ya samo shi, ya tarar gajiya ta kayar da shi yana barci a zaune, kai tsakanin gwiwoyi. Jim ya farka ya gan shi, ya rasa inda zai sa kansa don murna, yana taɓa shi ya tabbatar ba fatalwa ba ce. Sai Huck ya ce masa ai babu wani hazo, babu inda ya je, mafarki Jim ya yi. Ya nace har Jim ya yarda, ya shiga fassara mafarkin. Gari ya ɗan yi haske, Huck ya nuna masa ganyaye da tarkacen da ruwa ya watso kan katakan da karyayyen abin tuƙi, ya ce to su waɗannan me suke nufi a mafarkin? Jim ya dubi tarkacen, ya dubi yaron, bai yi murmushi ba. Ya ce masa lokacin da ya gaji da kira ya yi barci, zuciyarsa ta kusa fashewa don ya ɗauka Huck ya ɓata, bai damu da abin da zai same shi ba. Da ya farka ya gan shi lafiya har hawaye ya yi. Shi kuwa Huck abin da ke ransa yadda zai mai da tsoho Jim wawa da ƙarya. Ya ce wancan shara ce, kuma shara su ne mutanen da ke watsa wa abokansu ƙasa a ka su kunyata su. Ya tashi ya shige rumfa.

A ƙasar da bawa zai iya shan bulala don ya ɗaga ido ya kalli farar fata, ga bawa gudajje ya yi wa farin yaro faɗan da uba ke yi wa ɗa, kuma faɗan ya shiga. Huck ya ce sai da ya yi minti 15 kafin ya iya karya kansa ya je ya ba baƙar fata haƙuri, amma ya je, bai kuma taɓa nadama ba. Minti 15 ɗin nan da kalmar zagin da ya yi amfani da ita a wannan jimla su ne ma'aunin nisan da ke tsakaninsu. Idan aka goge kalmar, saura kawai yaro ya ba babba haƙuri, abin da ba labari ba ne.

Na biyu a babi na 23 ne. Huck ya farka da asuba ya ji Jim yana nishi yana kiran sunan 'ya'yansa, Lizabeth da Johnny. Wata ƙara da ya ji daga gaɓa ce ta tuna masa ranar da ya ce wa Lizabeth, tana da shekara 4, ta rufe ƙofa. Ba ta daɗe da tashi daga wani mugun zazzaɓi ba. Ta tsaya tana masa murmushi. Ya sake faɗa da tsawa, ba ta motsa ba, ya kai mata mari har ta faɗi. Ya fita ya dawo ya same ta tsaye tana hawaye, sai iska ta bugo ƙofar da ƙarfi a bayanta, yarinya ko gezau. Ya lallaɓa ta bayanta ya ƙwalla ihu iya ƙarfinsa, ba ta juyo ba. Ashe zazzaɓin ya tafi da jinta. Ya rungume ta yana kuka yana roƙon Allah ya yafe masa, domin shi ba zai yafe wa kansa ba muddin ransa. Duk littafin nan babu wani babba da ya yi nadama irin wannan a kan yaro. Pap ya doki ɗansa ya yi ta alfahari, Jim ya doki 'yarsa sau ɗaya abin yana cin sa har tsakiyar kogi. Huck da ya ga haka, abin da ya iya cewa shi ne, da alama Jim yana son iyalinsa kamar yadda fararen fata ke son nasu, ko da yake abin bai yi kama da ɗabi'a ba.

Wannan magana ta Huck ita ke hana ni bin masu ɗaukarsa gwarzon 'yanci. Yaron yana ƙaunar Jim, babu shakka. Amma daga farkon littafin har ƙarshensa bai taɓa cewa bauta zalunci ba ce. Da suka kusa Cairo, Jim ya saki baki cikin murna yana cewa zai yi aiki ya tara kuɗi ya fanshi matarsa, su biyu su haɗu su fanshi 'ya'yan, idan ubangidansu ya ƙi sayarwa a samo mai adawa da bauta ya sato su. Jikin Huck ya yi sanyi. A tunaninsa ga mutum zai saci 'ya'yan da mallakin wani ne, wanin da bai taɓa yi masa laifi ba. Ya ɗauki kwalekwale da niyyar tona Jim. Sai da ya yi kiciɓis da masu farautar bayi biyu da bindigogi bakinsa ya ƙi furtawa, ya bar su suka ɗauka ubansa ne kwance a kan katakan da cutar agana, suka ja da baya, har suka bar masa dala 40 don tausayi. Ya koma yana ganin ya aikata laifi.

Haka ma babi na 31, wanda ya fi kowane shahara. 'Yan damfara biyu da suka maƙale musu, ɗaya yana da'awar shi ɗan Sarkin Faransa ne da ya ɓata, sun sayar da Jim kan dala 40. Huck ya zauna ya rubuta wa Mis Watson takarda ya gaya mata inda bawanta yake, ya ji kamar an wanke shi daga zunubi. Sai ya shiga tuno tafiyarsu, gadin dare, hirar farin wata, ranar da Jim ya ce masa shi kaɗai ne abokin da ya rage masa a duniya. Ya ɗauki takardar hannunsa na rawa, ya ce to shi ke nan, zai shiga wuta, ya yayyaga ta. Mai karatu Musulmi ko Kirista zai ji maganar ta yi masa nauyi, kuma ya kamata ta yi. Yaron ba Allah yake ja da shi ba. An dai koya masa tun yana ƙarami cewa taimakon bawa ya gudu sata ce, sata kuma wuta ce, ya yarda da haka ɗari bisa ɗari, amma ya kasa cin amanar mutumin da ya riƙe shi. Laifin yana wuyan waɗanda suka koya masa. Twain ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa lokacin da yake yaro a garin Hannibal na jihar Missouri bai san akwai aibu a bauta ba, domin jaridun garin ba su ce komai ba, masu wa'azi kuma suna cewa Allah ya yarda da ita. A wannan garin ya ga maza da mata baƙaƙe kusan 12 an haɗa su da sarƙa ɗaya suna kwance a ƙasa ana jiran jirgin da zai kai su kasuwar kudu, ya ce bai taɓa ganin fuskoki masu baƙin ciki irin nasu ba.

Su wane ne malaman Huck? Mis Watson, wadda kowane dare ake tara bayin gida a yi addu'a tare da su, ita ce dala 800 ta rinjaya. Gidan Grangerford, masu karamcin da suka ɗauki Huck kamar ɗansu, kowane mutum a gidan da bawansa, suna zuwa coci da bindiga tsakanin gwiwa a yi musu wa'azin ƙaunar ɗan'uwa, su fito su ci gaba da kashe-kashen gaba da gidan Shepherdson wadda babu mai tuna mafarinta. Sai Inna Sally, matar Silas Phelps, wanda Jim ke tsare a gonarsa. Mace ce mai fara'a, ta rungume Huck tana hawayen murna don ta ɗauka ɗan 'yar'uwarta ne Tom. Huck ya yi mata ƙaryar cewa wani abu ya fashe a jirgin da ya hawo. Ta ce, "Subhanallahi, an ji wa wani ciwo?" Ya ce a'a, baƙar fata ɗaya dai ya mutu, da kalmar nan ta zagi. Ta ce to an yi sa'a, domin wani lokaci mutane kan ji rauni. Ta wuce zuwa wani zance. Babu ƙiyayya a muryarta ko kaɗan, kuma wannan ne abin tsoron. Mijinta mai wa'azi ne da ya gina ɗan coci da kuɗinsa. Yakan shiga ɗakin da aka ɗaure Jim ya yi addu'a tare da shi, ita kuma takan leƙa ta ga ko ya ƙoshi. Ba wanda ya taɓa tunanin kwance sarƙar.

Amma duk cikinsu babu wanda ya kai Tom Sawyer. Tom ɗan gidan mutunci ne, ya yi makaranta, ya karanta littattafai, Huck yana ganinsa kamar sarki. Da ya iso gonar Phelps, Huck ya gaya masa zai saci Jim, Tom ya ce zai taimaka. Huck har ya ji Tom ya faɗi a idonsa, yaro mai tarbiyya ya yarda ya zama ɓarawon bawa. Abin da bai sani ba, Tom ya baro gida da labarin cewa Mis Watson ta rasu wata biyu da suka wuce, kuma ta 'yanta Jim a wasiyyarta. Jim ɗa ne, ba bawa ba. Tom ya sani, ya yi shiru.

Fitar da Jim ba wuya. Tagar ɗakin katako ɗaya aka buga mata, sarƙar ƙafarsa kuma a ƙafar gado aka zura ta, ɗaga gadon kawai za a yi a zare. Tom ya ce wannan ya yi sauƙi da yawa, ba haka fursunonin littattafan Turai ke tserewa ba. Ya sa aka yi ta haƙa rami, aka cusa tsanin igiya cikin abincin da aka gasa, aka zuba wa Jim ɓeraye da macizai da gizo-gizo a ɗaki don fursuna na bukatar abokan zama, aka sa shi rubutu da jininsa a jikin riga alhali bai iya rubutu ba. Har fito da shi suka yi ya taya su gangaro da wani ƙaton dutsen niƙa cikin ɗakin, sannan ya koma aka mayar masa da sarƙa. Mako uku ana wannan. Daga ƙarshe Tom ya rubuta takardun gargaɗi ba suna ya jefa gidan, manoma 15 suka taru da bindigogi, aka bi su da harbi cikin dare, harsashi ya sami Tom a sharaɓa. Da Jim ya samu, da shi ke nan.

Sun kai ruwa, hanya a buɗe, Jim ya ce ba zai ɗaga ƙafa ba sai an kawo wa yaron nan likita. Ya fito daga maɓoyarsa ya taya likitan jinya, aka kama shi, aka dawo da shi ana zagi ana mangari, wasu na cewa a rataye shi ya zama darasi, wasu na cewa a'a, mai shi zai zo ya nemi a biya shi kuɗinsa. Yabon da Huck ya iya yi masa a zuci shi ne, dama ya san cikin Jim fari ne. Sai da Tom ya farfaɗo ya ji an sake ɗaure Jim sannan ya fasa ƙwai. Aka tambaye shi, to me ya sa ya wahalar da kowa wajen 'yanta wanda yake 'yantacce? Ya ce don daɗin kasadar. Ya ba Jim dala 40 ladan haƙurin zama fursuna, daidai kuɗin da 'yan damfara suka karɓa a kansa.

Waɗannan babobi suna da tsawo, suna gundura, dariyar cikinsu ba ta da daɗi, na yarda da Hemingway a nan. Inda muka rabu shi ne cewa maguɗi ne. A dubi shekarun da aka rubuta littafin. Twain ya fara shi a 1876, ya ajiye, ya kammala a 1883. An soke bauta a tsarin mulkin Amurka tun 1865, mutum kusan miliyan 4 suka zama 'yantattu a takarda. A 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kare su a kudu. A 1883 Kotun Ƙoli ta rushe dokar 1875 da ta hana nuna musu bambanci a wuraren jama'a, a 1896 kuma ta halatta wariya gaba ɗaya. A wannan tsakanin jihohin kudu na kama baƙaƙe kan ƙananan laifuka suna ba da hayarsu ga masu gonaki da ma'adinai. Mutum 'yantacce a doka, ɗaure a zahiri, waɗanda ke cewa suna taimakonsa kuma suna jan lokaci don biyan bukatarsu: wannan shi ne Jim a gonar Phelps, kuma shi ne halin da Twain ke gani da idonsa yana rubutu. Ko ya shirya hakan da gangan ko alƙalami ne ya kai shi, abin da ke shafin ke nan. Wanda ya rufe littafin a babi na 31 zai tashi da daɗin rai cewa zuciyar yaro ɗaya ta yi nasara. Wanda ya ƙarasa zai ga yadda wannan zuciyar ta yi laushi da zarar Tom ya buɗe baki, Huck ya koma ɗan amshin shata, yana ganin ana wasa da ran mutumin da ya yarda ya shiga wuta dominsa, ƙorafinsa bai wuce na ɓata lokaci ba.

Ban raina masu ƙorafi ba fa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaro baƙar fata ɗan shekara 12, shi kaɗai ko su biyu a aji, malami fari yana karanta kalmar nan da ƙarfi sau bayan sau, 'yan aji suna waigowa suna kallonsa, a fita tara kuma wani ya maimaita masa ita: wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma uban da ya ce ba ya so ɗansa ya shiga wannan hali yana da gaskiyarsa. Gaskiya ne kuma Twain ya sa Jim cikin rigar wawan wasan kwaikwayon zamaninsa, inda farare ke shafa baƙi a fuska su kwaikwayi baƙaƙe, wasan da Twain ɗin ya ce yana so. A farkon littafin Jim mai camfi ne da yara ke yi wa wayo, a ƙarshe kuma yana haƙuri da shirmen Tom fiye da yadda hankali zai ɗauka. Marubuci baƙar fata Ralph Ellison ya faɗi haka tun 1958, ya ƙara da cewa daga bayan wannan rigar ne mutuncin Jim ke leƙowa. Marubuciya baƙar fata Toni Morrison, wadda ta ci kyautar Nobel, ta rubuta wa littafin gabatarwa a 1996. Ta ce ya tayar mata da hankali tana yarinya, duk da haka ba ta goyi bayan a kore shi daga makarantu ba. Shi kansa Twain mutum ne mai fuska biyu a wannan fage. A shekarar da littafin ya fito ya ɗauki nauyin wani ɗalibi baƙar fata, Warner McGuinn, a sashen shari'a na Jami'ar Yale, a 1905 kuma ya rubuta suka mai zafi kan ta'asar Sarki Leopold na Beljiyam a Kwango. Wannan bai wanke shafukan da ya mai da Jim abin dariya ba, ba kuma na so a wanke su.

Mu ma da ke karanta shi daga nan bai kamata mu karanta muna taɓe baki ba. An yi bauta a ƙasar Hausa, a Arewacin Nijeriya ba a soke ta gaba ɗaya a doka ba sai 1936, Nijar kuma sai 2003 ta mai da ita laifin da ake hukuntawa, har a 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani da aka sayar tana yarinya. Har gobe akwai gidajen da za a zo neman aure, a yaba halin yaro da addininsa, sannan a koma gefe a binciki ko kakansa bawa ne. Masu binciken nan yawancinsu mutanen kirki ne, irin Inna Sally.

Saboda haka abin da nake goyon baya shi ne a ɗaga littafin daga ƙananan azuzuwa a kai shi ga manyan ɗaliban sakandare da na jami'a, a hannun malamin da ya san tarihin bauta da abin da ya biyo bayanta. Babu tilas a furta kalmar da baki a aji, amma a bar ta a shafi inda marubucin ya sa ta, a bakin wanda ya sa ta. A karanta har babi na 43, a kuma tambayi ɗalibai ina matar Jim, wadda littafin ko sunanta bai ambata ba, ina Lizabeth da Johnny, tunda wasiyyar Mis Watson Jim kaɗai ta 'yanta, Huck kuma ya rufe labarinsa da shirin tafiya yamma don kada Inna Sally ta wayar da shi. A 2024 marubuci baƙar fata Percival Everett ya fitar da littafi mai suna James, ya sake ba da wannan labari daga bakin Jim, ya kuma ci kyautar Pulitzer a 2025. Da ni ke tsara manhaja, biyun zan sa a zango ɗaya, a fara da na Twain.